Ragowar Mahadi a Gusau

Tsafe, watan Satumba

Zuwa ga Kawu Lukuman,

Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto muku, alhali ba ku san ni ba, kuma ba wani babba ne ya gabatar da ni ba. Na daɗe da biro a hannu kafin na iya farawa. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyali, da aiki. Mu ma lafiya, sai dai Inna, kuma saboda ita na rubuto.

Sunana Bara'atu, 'yar Wasila matar Malam Buba na 'Yandoto. Kakarku da kakar Inna ciki ɗaya suka fito a Rawayya. Ina aji biyar a makarantar kwana ta 'yan mata a Bungudu, amma an rufe makarantu, an kuma rufe layukan waya, shi ya sa na ba Gambo direba wannan takarda ya miƙa a ƙofar ma'aikatarku.

Daminar bana ba a gida muka yi ta ba. Halin da ake ciki ya taso mu zuwa Tsafe, muna zaune a ɗaki ɗaya a gidan wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Firizarta tana jingine da bangon ɗakinmu.

Kawu, a shekarar sanƙarau, bazarar da ta kwashi yara, ƙanena Mahadi ya kamu. Shi ne autanmu, bai daɗe da shiga firamare ba. A tantin da aka kafa wa marasa lafiya, mutanen cibiyarku ta binciken cututtuka suka ce za su ɗebi ruwan ƙashin bayansa don a gane irin cutar. Inna ce ta riƙe shi, ta lanƙwasa shi yadda aka nuna mata, tana kallon ruwan yana ɗiga cikin 'yar kwalba, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Washegari ya rasu.

Makon jiya aka yi hira da shugaban cibiyarku a rediyo. Ya ce kun fi takwarorinku fitar da bincike, kuma binciken sanƙarau ne malaman duniya suka fi ambato. Da ya faɗi sunanku Inna har murmushi ta yi, ta ce, "Lukuman na Rawayya!" Sai ya ƙara da cewa duk abin da aka ɗiba a jikin yaran yana nan a ajiye cikin firiza har yau. Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar, ba ta ƙara ɗauka ba.

Tun ranar, da an kawo wuta firizar Hajiya ta fara gurnani, sai ta fita tsakar gida ta zauna cikin rana tsaka. Ta ce haƙoran Mahadi take ji suna kaɗawa. Ruwan randa ma ta daina sha, sai ta ajiye kofi a rana ya yi ɗumi.

Kun san al'adarmu. Mabiyiyar Mahadi tana binne a bayan ɗakin Inna a 'Yandoto, da cibiyarsa, da gashin askin sunansa. Ko wanzami in ya yi ƙaho, rami yake tonawa ya rufe jinin. Inna ta ce ta ɗauka ta mayar wa ƙasa komai nasa, ashe akwai saura.

Tambayata ita ce: da gaske yana nan? In yana nan, ana iya ba mu?

Na gode da haƙurin karantawa.

'Yarku,
Bara'atu

*

Gusau, farkon Oktoba

Bara'atu 'yata,

Wa alaikumus salam. Ba laifin da kika yi, sai ma ni da ya kamata in nemi afuwa, ina nan kusa ban san kuna Tsafe ba. Wasila kuwa ai na san ta tun tana korar mu daga bishiyar kanyar kakarta. Ki gaishe ta da Malam Buba. Allah Ya jiƙan Mahadi, Ya sa mai ceto ne. Mu lafiya ƙalau, Hauwa da yara suna gaida ku.

Hannunki yana da kyau. Wanda ya koya miki rubuta wasiƙa bai ci albashin banza ba.

Ki kwantar wa Innarki da hankali. Samfuran suna nan daram, cikin sanyin da ya ninka na ƙanƙarar Hajiyarku nesa ba kusa ba. Ba dare ba rana injin yana aiki, in an ɗauke wuta janareta ya karɓa. Ba abin da zai same su.

Kuma ki gaya mata Mahadi bai tafi a banza ba. Daga abin da muka samu a jikin yaran nan muka rubuta maƙala, aka buga a babbar mujalla. A aikinmu, darajar bincike ita ce sau nawa wasu masana suka kafa hujja da shi a nasu rubutun. Namu an ambace shi fiye da sau ɗari biyu. Ya je Indiya, ya je Birazil, ya je Ingila da Nijar da Mali. Duk wanda zai yi maganar wannan nau'in sanƙarau sai ya biyo ta kanmu. Saboda shi ne ma cibiyarmu ta hau sama a jerin bana, har kuka ji mu a rediyo. Ai wannan abin alfahari ne ga gidanku.

Ki dage da ilimin halittu. Muna neman mata irinki a ɗakin gwaje-gwaje.

Kawunki,
Lukuman

*

Tsafe, Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Takardarku ta iso, mun gode ƙwarai. Baba yana gaishe ku. Da fatan Gwaggo Hauwa da ƙannena suna lafiya.

Ina jin tsoron abin da zan faɗa ya zama rashin kunya. Na san alheri kuka nufa. Amma da na san abin da ke ciki, da na karanta ni kaɗai tukuna. Don ɗoki sai na buɗe a gaban Inna na karanta da ƙarfi.

Da na zo wurin sanyin da ya ninka na ƙanƙara, ta ja mayafinta ta rufe ƙafafunta. Da na zo wurin ƙasashe, ta ce, "Tsaya. Koma wurin nan." Na koma. Ta ce, "Ƙasa nawa anka kai shi? Ɗan ruwa wanda bai cika cokali ba, shi anka rarraba?"

Na ce, "Inna, ba shi aka kai ba, takarda ce ta tafi. Labarin abin da aka gani ne."

Ta ce, "To in takarda ta, sun riga sun samu takardassu. Mi ya sa ba su sake shi?"

Kawu, Malama Hanatu, malamarmu ta kimiyya, ta koya mana yadda ake gwaji da yadda ake rubuta sakamako, amma ba ta taɓa gaya mana abin da ake yi da ragowar ba.

Matar da ke ɗakin kusa da mu ta so ta yi raha, ta ce, "Wasila, ɗanki ya riga ki hawa jirgi, har Ingila!" Da rana na sami Inna ta shanya rigar makarantar Mahadi a kan igiya, rigar da ba ta jiƙe ba, tana tsaye tana juya ta don kowane gefe ya sami rana. Baba ya yi mata nasiha, ya ce rai ya koma ga Mai shi, ruwa ba ya jin sanyi. Ta ce ta sani, ita ma ta yi karatu. Ta ce kunnenta ne bai sani ba.

Ni ma zan faɗa muku gaskiya. Jiya Hajiya ta aike ni in ɗebo mata ƙanƙara. Da na ɗaga murfin, hayaƙin sanyin nan ya taso mini a fuska, sai na saki na gudu. Ban ga komai ba. Amma ban iya komawa ba.

A takardata ta farko na yi tambaya biyu, kun amsa ɗaya. Wataƙila ni ce ban tsara ta da kyau ba. Ba so muke a adana shi ba, Kawu. So muke a ba mu shi mu binne.

'Yarku,
Bara'atu

*

Tsafe, Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta sa shiru. Gambo ya rantse ya miƙa takardata hannu da hannu. Duk ranar da ya dawo ina zuwa tasha, har yaran mota sun fara ce mini "mai jiran wasiƙa".

In maganata ce ta yi kaifi, ku yafe mini, yarinta ce. Kada laifina ya shafi Inna.

Ta rame. Shekaranjiya da hantsi muka neme ta muka rasa, sai Baba ya same ta a tasha cikin motar Gusau, ta ɗaura kallabi, da 'yar ƙwarya mai murfi a cinyarta. Ba ta taɓa zuwa Gusau ba, ba ta san ko unguwar da kuke ba. Ta ce in ta je za ta bi ƙarar firizarku. Da ƙyar ya sauko da ita, kun san kuma yadda hanyar take yanzu.

Ko a'a ce, ku rubuto mana ita.

Bara'atu

*

Gusau, Nuwamba

Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Ba ki yi mini laifi ba. Shirun nawa na rashin abin faɗa ne.

Ranar da na karanta takardarki ta biyu na sauka ɗakin firizoji. Shekara da shekaru ina shiga ɗakin nan ban taɓa jin ƙararsa ba. Ranar na ji. Na sa safar hannu na jawo akwatin shekarar sanƙarau, na buɗe. 'Yan kwalabe ne jere, kowace ba ta kai ɗan yatsanki ba, kowace da lamba a jiki. Lamba kawai.

Ki fahimci wannan da kyau don ki iya bayyana wa Innarki. Ƙa'idar aikinmu ce a raba sunan mutum da samfurinsa, don kada asirin mara lafiya ya fita. Da aka gama binciken aka shafe abin da ya haɗa suna da lamba, yadda doka ta ce. An yi haka ne don a kare Mahadi. Ga shi yau ya sa ba ni da hanyar gane shi. Na tsaya ina kallonsu har yatsuna suka mutu. Na san yana cikinsu, ban san wanne ba ne. In na ɗauko ɗaya na aiko muku na ce shi ne, na yi ƙarya, kuma na san Wasila, sai ta gane.

Akwai kuma abin da ban sani ba lokacin da na rubuta miki cewa ba abin da zai same su. Wa'adin ajiyar ya cika, ana neman gurbi don sabon bincike. Kwamiti ya zauna ya sa akwatin nan cikin waɗanda za a kawar ƙarshen wata mai zuwa. Hanyar da muka saba kawarwa ita ce ƙonawa a tanderun asibiti. Sau da yawa na sa hannu a kan irin wannan, ban taɓa tsayawa ba, don a idona shara ce mai haɗari. Wannan karon takardar tana kan teburina, ban sa ba.

Ina roƙonki kada ki karanta mata wurin ƙonawar. Ki ce mata kawai ba a iya gane nasa. Ta yi haƙuri, ta yi masa addu'a.

Yanzu in na wuce mai sayar da ƙanƙara a bakin titi sai in tsallaka.

Kawunki,
Lukuman

*

Tsafe, Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Mun gode Allah da kuke lafiya. Ku yafe mini, ban bi umarninku ba.

Na yi niyyar tsallake wurin. Amma Inna ba ta karatun boko, fuskata take karantawa. Da na kai ƙarshe ta ce, "Takarda ta cika baki biyu, kin karanta min baki ɗaya da rabi. Ina sauran?" Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ban iya farawa a kan Mahadi ba.

Na ɗauka za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta ce, "Daga ɗari sai wuta." Sai ta tambaye ni ko kwalaben suna da yawa. Na ce kun ce akwati guda ne. Ta ce, "To mi a wahala? In ba a san nashi ba, a rufe su duka. Ɗiyan mutane na. Kowane da uwar da ta lanƙwasa shi."

Ta tashi ta yafa mayafi ta ce in biyo ta. Kawu, matar da ta yi wata biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba sai ranar tasha, ranar nan ta zaga da ni Tsafe. Mutanen 'Yandoto da na 'Yankuzo da yawa suna nan a raɓe a gidajen mutane, kuma Inna ta san waɗanda suka kwana da ita a tantin nan. Wasu ba su ma san an ajiye komai ba. Wata ta ce mu fita mata, mun tono mata abin da ta rufe. Wata, Mairo, wadda ta rasa biyu a mako guda, ta shiga ɗaki ta fito da ɗan kuɗin da take da shi ta sa a hannun Inna.

Baba ya je wurin liman. Liman ya ce ɗan Adam abin girmamawa ne, shi da abin da ya rabu da jikinsa, kuma binnewa ita ce ta fi. Ya ce ba wanka ba salla, rami kawai da mutunci.

Ƙullin da Gambo zai ba ku farin alawayyo ne, matan ne suka haɗu suka yanko. Inna ta wanke shi da hannunta ta shanya. Sun ce ba sa neman a kawo nan, tunda ba wadda ke zaune a ƙasar gidanta. Ƙasar Gusau ma ƙasa ce.

Na san kwamiti ba zai saurari 'yar aji biyar ba. Amma ku zai saurare ku. In suna son su san ko su wa ke roƙo, ku ce musu iyayen binciken nan ne da aka ambata sau ɗari biyu.

In wannan jimlar ta yi tsauri ku goge ta. Na so in goge, Inna ta ce in bar ta.

'Yarku,
Bara'atu

*

Gusau, Disamba

Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Ki zaunar da Innarki, wannan ki karanta mata duka.

Ban goge jimlar ba, na karanta wa kwamiti ita yadda take. An yi gardama. Wani ya ce in muka buɗe wannan ƙofa, gobe kowa zai zo neman jininsa. Wata ta ce to sai me. Shugaba ya ce shi abin da ya dame shi cuta ce, kada mu binne annoba ruwa ya tono ta. A nan aka sami mafita: a fara kashe ƙwayoyin cutar da tururi mai zafi, a rufe cikin mazubi mai ƙarfi, sannan a binne da zurfi, nesa da rijiya. Ƙa'ida ta yarda da haka, ba mu dai taɓa bi ta nan ba.

Jiya Alhamis da hantsi muka yi. Ni na fito da akwatin daga firiza. Wasila, ki ji wannan: ba wutar da ta taɓa su. Na naɗe su cikin alawayyonku, ya isa har ya yi saura na ninka. Lokacin da na ɗauka zuwa mota ƙullin da ɗumi a ƙirjina, kamar yaron da ya yi barci a kafaɗa.

A gefen maƙabarta aka ba mu wuri, ta gabas, ƙarƙashin wata bedi. Ni ne, da limamin masallacinmu, da abokan aiki biyu, ɗaya ma wanda ya yi gardamar ne, shi ya karɓi shebur. Ramin ya kai ƙirjin mutum. Liman ya yi addu'a ga yaran da iyayensu. Ba mu da sunan da za mu kira, sai na kira Mahadi, na ce da 'yan'uwansa.

Da na koma na leƙa gurbin da akwatin ya bari. Kafin la'asar an cike shi da na sabon bincike. Na tsaya ina kallon sababbin lambobin.

A gaida Malam Buba, da Mairo, da sauran.

Lukuman

*

Bungudu, Janairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya da iyali. An buɗe mana makaranta, daga nan nake rubutowa. An ce layukan waya sun dawo, amma mu ba a barin mu da waya, kuma ni bakina ba ya iya abin da biro ke yi.

Ku yafe jinkirin godiya. Allah Ya saka da alheri, Ya raya muku naku.

Na karanta wa Inna takardarku sau uku, na kuma bi gida-gida na karanta wa sauran. Ta tambaya ko bedin babba ce, ko akuya na shiga wurin. Na ce ba ku faɗa ba. Wurin ƙullin da ɗumi ta sa na maimaita, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito ta ce a dama mata kunu.

Ba zan ce ta warke ba. Tana cin abinci, ta koma yin ƙuli-ƙuli. In firizar Hajiya ta tashi har yanzu takan dakata da abin da take yi, ta karkata kai. Sai dai ba ta fita. Rannan ta ce, "Yanzu inji na kawai."

Ranar da zan taho tana ɗaure mini garin kwaki, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Mutanen nan na Indiya da sunka karanta, mi anka gaya musu?" Na ce ban gane ba. Ta ce, "An gaya musu abin da ya kashe shi. Ni ba a gaya min ba."

Sai ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ranar da zazzaɓin ya fara, ta ɗauka ciwon shawara ne, ta jiƙa masa magani ta bar shi ya kwana. Sai da wuyansa ya sanƙare aka ɗauke shi. Tana son ta san in da ta kai shi tun ranar farko, da ya tashi? Ta ce tunda kun duba ruwan yara da yawa haka, ba mamaki takardarku ta sani. Mairo ma ta ce a tambayar mata ko allurar da aka yi wa sauran 'ya'yanta daga baya ta wannan nau'in ce, don bazara na tafe.

Na nemi maƙalar a ɗakin karatunmu, babu. Malama Hanatu ta ce ko an samu, Turancinta ya fi ƙarfin aji biyar.

Kawu, na san na riga na ɗora muku abin da ya fi ƙarfin zumuncin kakanni. Ina kuma jin tsoron amsar, don in ta zo ni zan karanta, kuma kun san ba na iya tsallake layi. Amma Inna ta ce ta fi son ta ji ko mene ne.

Ban rubuta tambayoyin a nan ba, don ban nemi izini ba tukuna. Matan sun ce in na dawo hutu kowace za ta faɗi tata in rubuta. In kun yarda, in sake rubuto muku?

'Yarku,
Bara'atu